Tauraruwa Mai Bugun Zuciya da Hasken Gamma

Gabatarwa

Duk wanda ya kwana a karkarar Sule Tankarkar da hunturu ya san Kaza da 'Ya'yanta, domin ba su ɓuya. To, gabas kaɗan da su akwai wani hazo wanda ido ba ya gani sai da madubin hangen nesa, masana na kiransa Hazon Ƙaguwa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana abin da ke cikinsa, watau falsa, wadda muka ga ya dace a kira ta tauraruwa mai bugun zuciya.

Asalinta

Idan makamashin wata babbar tauraruwa ya ƙare, sai ta fashe, cikinta ya dunƙule ya zama curi. Faɗin curin kimanin kilomita 20 ne, kusan tazarar Gumel da Maigatari ke nan, amma kuwa ya fi rana nauyi. Dunƙulewar ce ke ƙara masa saurin juyawa kamar mazari. Yana fitar da haske ta fuska biyu. Saboda haka duk zagayen da ya yi sai hasken ya gifta mu, tamkar mai gadi na juyawa da tocila cikin dare. Wannan giftawa ita ce bugun da na'ura ke ji.

Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta ganin irin wannan fashewa a shekarar 1054, wadda ita ce ta haifi Hazon Ƙaguwa. A 1965 Samuel Okoye, ɗan Nijeriya mai bincike a Jami'ar Kambirij tare da Antony Hewish, ya gano wani ƙanƙanen tushe na igiyoyin rediyo a cikin hazon. A 1967 Jocelyn Bell ta gano falsa ta farko. Bayan gano falsar Ƙaguwa a 1968, wadda ke juyawa kimanin sau 30 a daƙiƙa, sai ta tabbata ita ce Okoye ya hango.

Hasken Gamma

Wannan haske shi ne mafi ƙarfi cikin dangin haske. Falsa na da maganaɗisu mai tsanani, wanda ke figar ilaktoron har su kusa gudun haske, su kuwa su saki gamma. Iskar duniya tana tare shi, shi ya sa aka harba kumbon Fermi a 2008. Kafin sa falsoshin gamma da aka sani ba su kai 10 ba. Kundinsa na 2023 kuwa ya ƙunshi 294. Binciken ya nuna cewa gamma na fitowa ne daga nesa da jikin falsa, ya bazu fiye da igiyoyin rediyo, har ana samun waɗanda ba a jinsu a rediyo sam. Daɗin daɗawa, a 2023 aka sanar cewa na'urorin H.E.S.S. na Namibiya sun kama gamma mafi ƙarfi da aka taɓa samu daga falsa, watau Vela.

Kammalawa

A ganinmu, harshen da ya raɗa wa Zara da Gamzaki suna ba zai gaza a nan ba. Aikin da ya rage wa malamai shi ne daidaita kalmomi, domin ɗalibin Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fahimci wannan fanni da harshensa, ya kuma san cewa ɗan ƙasarsa na cikin magabatansa.