Tallafin Da Aka Cire Da Wanda Aka Raba

A cikin gida, tallafi aikin hannu ne. Ungozoma takan tallafe kan jariri kada wuyansa ya langaɓe. Tsoho zai tashi daga tabarma, sai jikansa ya tallafo shi ta hammata. A da ma, idan aka ba gwaggo yarinya ta riƙa, akan ce 'yar tallafi ce. Duk inda kalmar ta fito, akwai mai rauni, akwai mai ƙarfi, kuma hannun wannan yana taɓa jikin wancan.

Da kalmar ta shiga ɗakunan labarai na Abuja, sai aka yi ta jibga mata kaya.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Yuli kuma ta kai 617. To, wane irin tallafi ne wannan? Ba kuɗi ba ne da aka taɓa damƙa wa wani a hannu. Akwai abin da lita take tsayawa bayan an sayo ta daga waje an sauke, akwai kuma farashin da gwamnati ta ƙayyade a famfo. Cikon da ke tsakani shi gwamnati take biya kafin a cire tallafin. A lokacin, mai acaɓa a Nyanya yana cin moriyarsa ba tare da ya gan shi ba, kuma mai motoci biyar a Maitama ya fi shi cin moriyar nesa ba kusa ba, tunda ya fi shi shan mai. Ma'anar gida ta juye ke nan: mai ƙarfi ne ya fi samun tallafa.

Ba a yi wata uku ba, kalmar ta sake dawowa da wata riga. A watan Agusta na shekarar, bayan taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa a fadar shugaban ƙasa, Gwamna Babagana Zulum na Borno ya sanar da cewa za a ba kowace jiha da Abuja naira biliyan 5 don sayen hatsi da taki. Rediyo da jarida suka kira shi tallafin rage raɗaɗi. Amma a cikin bayanin, kashi 52 cikin ɗari ne kyauta. Sauran kashi 48 bashi ne da jihohi da ƙananan hukumomi za su mayar. Nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bahaushe bai san tallafin da ake biya ba. Abin da za ka mayar, sunansa rance, kuma mai sauraro yana da haƙƙin ya ji wannan sunan tun a kanun labari.

Ban ɗora wa 'yan jarida laifin duka ba. Mai fassara yana zaune da sanarwar Turanci a gabansa, saura minti goma a shiga labarai, kalmomi huɗu ko biyar na Turanci kuma duk suna neman mazauni a Hausa. Tallafi gajeriyar kalma ce, tana shiga kanun labari ba gardama. Shi ya sa agajin ƙasashen waje ya zama tallafi, kuɗin ɗaukar nauyin ɗalibi tallafi, rangwamen kuɗin lantarki tallafi. Amma Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai agaji, akwai gudummawa, akwai rangwame, akwai ciko, akwai rance.

Wata safiya a cikin tasi daga Kubwa zuwa Wuse, mai karanta labarai ya ce an cire tallafi, bayan jimla biyu kuma ya ce gwamnoni sun fara rabon tallafi. Direban, dattijo ne mai furfura a gemu, ya rage muryar rediyon ya waiwayo.

"Malam, kai da ka yi boko. Wanda suka cire ɗin ne suke dawo mana da shi a buhu?"

Na ce masa, "A'a, Baba, wannan daban, wancan daban." Muka wuce Gwarinpa ina ta bayani da yatsu, shi kuma yana girgiza kai yana duban allurar mai.