Garin Cakulan Da Ya Zama Kasuwar Tsofaffin Motoci

A duniya an san Hershey, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, da cakulan. Amma duk watan Oktoba ƙamshin man inji ne ke cika shi.

Uwar ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, wato AACA, an kafa ta a Philadelphia a 1935. Reshenta na Hershey kuwa ya fara karɓar baƙuncin babban taron ƙungiyar na kaka, wanda ake yi duk Oktoba, a 1955, kuma taron ne ya ɗaukaka sunan reshen. Sharaɗin shiga gasar motocin da ake yi a taron bai da wuya: mota ta kai shekara 25. Alƙalai sai su bi ta da kallo, daga fenti har kujeru, suna neman abin da ya saɓa da yadda ta fito daga masana'anta.

Kasuwar kayan gyara ce ta fi jan jama'a. Rumfuna dubbai, 'yan ƙungiya na aikin sa kai, wani ya wuni yana neman fitilar Ford Model T guda. A da, a filin ciyawa ake yi, ruwan sama ya mayar da wurin taɓo. Yanzu an koma kan kwalta, ko da yake tsofaffin mambobi ba su daina labarin taɓon ba.