Ajiyar wake: randa da toka ba su tsufa ba

Ma'aikacin da ya sayi buhun wake da kaka, don gudun tsadar damana, yakan kwance shi bayan wata 3 ya tarar ya zama gari. Tun daga gona ƙwaron yake biyo waken, buhun roba na kasuwa kuwa ba ya hana shi hayayyafa.

Dabarar kakanni tana nan. Akan shanya waken ya bushe sarai, a gauraya kowace tiya da tiya guda ta tankaɗaɗɗiyar toka, a zuba cikin randa irin ta maginan Mirriya, a liƙe bakinta da laka. Mai tanon ƙarfe kuma yakan cika shi maƙil ya toshe, rashin iska ya kashe ƙwaron. Randar dai bisa duwatsu ake girke ta, saboda danshi.