Kashi Biyar Cikin Ɗari Ba Zai Cike Kansa Ba

A watan Janairun 2019 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Sai dai gurbi ba ya amfanar wanda ba a shirya shi ba.

Horon da aka saba ba su, na saƙar kujera, ɗinkin takalmi da haɗa sabulu, a keɓe ake yin sa, nesa da ofis da masana'anta. Shi kuwa mai ɗaukar ma'aikata gogewa yake nema: kiyaye lokaci, sarrafa kwamfuta, iya mu'amala da abokan aiki. Waɗannan a bakin aiki ake koyon su.

Muna da abin koyi a gida. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai wuraren aiki na wasu watanni. Ya kamata a ware wa masu buƙata ta musamman guraben irin wannan horo tare da kayan aikinsu: manhajar da ke karanta wa makaho rubutun kwamfuta, tafintan maganar hannu ga kurma, gangara a gefen matakala ga mai keken guragu.

Shugaban ma'aikatar da ya ga makaho yana rubuta rahoto wata shida ba zai sake shakkar ɗaukarsa ba. Gani ya kori ji.