Hutun Iyali a Cikin Jirgin Ruwa

Jirgin ruwa na yawon shaƙatawa tamkar gari ne mai tafiya a kan teku. A cikinsa akwai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da ɗakin shan magani da wurin wasan yara. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki daga birnin Miami na Amurka a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Abu na farko da sabon shiga zai kula da shi shi ne atisayen ceto. A 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. A lokacin, wasu fasinjojin ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Don haka tun 2015 dokar teku ta wajabta yin atisayen kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi. Ya kamata iyaye su kai yara su ga wurin taruwar da idonsu.

Mai fama da jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, can ƙasa, inda tangaɗi ba shi da yawa. In an sauka yawo a wani gari, a koma da wuri, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara.