Mazaɓar Jibiya da Haƙƙin Mutanen Bakin Iyaka

Wanda duk ya kama hanyar da ta fita daga birnin Katsina ta nufi yamma maso arewa, ya yi ta ratsa gonakin gero da dawa yana wuce shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, to, daf da garin Jibiya zai tarar da Magama, inda hanyar Maraɗi ta miƙe, inda kuma ikon Nijeriya yake gab da ƙarewa na Jamhuriyar Nijar ya soma daga wajen Ɗan Isa. A takardun hukumar zaɓe ta ƙasa, watau INEC, wannan gari ba shi da suna shi kaɗai, an gama shi da Mazanya an yi mazaɓar kansila guda, wadda take ɗaya daga cikin goma sha ɗaya da suka haɗu suka zama ƙaramar hukumar Jibiya. Sauran su ne Jibiya A da Jibiya B, da Bugaje, da Farfaru, da Faru, da Gangara, da Kusa, da Riƙo, da 'Yangayya, da Gurbin Ɓaure haɗe da Mallamawa. Waɗannan goma sha ɗayan, ba ƙari ba ragi, su ne kuma mazaɓar ɗan majalisar dokokin Jihar Katsina mai wakiltar Jibiya. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba wannan ƙasa mutum 169,748, kuma babu mai shakkar cewa yau sun ɗara haka nesa ba kusa ba.

Mutumin Magama da yake riƙe da katin zaɓe yana da dama ya dangwala wa mutum bakwai: kansila da ciyaman, ɗan majalisar jiha da gwamna, ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Jibiya da Kaita, sanatan Katsina ta Tsakiya, sa'an nan shugaban ƙasa. Abin da ya wajaba a tambaya shi ne, a cikin waɗannan bakwai wane ne yake riƙe da wane al'amari, domin galibin ɓacin ran da talaka yake yi da wakilinsa ya samo asali ne daga neman abu a hannun wanda ba a damƙa masa shi ba, tare da ƙyale shi a kan abin da yake amana ce a wuyansa.

Tsarin mulkin shekarar 1999 ya yi bayanin yadda ake yanka irin waɗannan mazaɓu. Sashe na 91 ya ƙayyade cewa kujerun majalisar kowace jiha za su ninka kujerunta na majalisar wakilai sau uku ko sau huɗu, da sharaɗin kada su kasa 24 kada kuma su haura 40, sashe na 113 ya nemi a daidaita yawan jama'ar mazaɓu gwargwadon abin da zai yiwu, na 114 kuwa ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba rabon bayan aƙalla shekara goma. Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna ran 23 ga Satumba 1987, tana da ƙananan hukumomi 34 da kujerun majalisa 34, saboda haka kowace ƙaramar hukuma ta tashi da kujera guda. Ba haka abin yake ko'ina ba. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 alhali doka ta tsayar da ita a kujera 40, sai ya zama dole a haɗa waɗansu biyu-biyu, kamar Bagwai da Shanono, ko Rimin Gado da Tofa. Sakkwato kuwa ƙananan hukumominta 23 ne, kujerunta 30, sai aka tsaga waɗansu gida biyu.

A zahiri tsarin Katsina ya fi sauƙin fahimta, kuma akwai maslaha a cikinsa, tun da yake ciyaman da ɗan majalisa ƙasa ɗaya suke yi wa hidima, ba wanda zai fake da cewa hankalinsa ya rabu. Amma adalcin da ke cikinsa bai cika ba. A ƙidayar nan ta 2006 ƙaramar hukumar Katsina ta haura mutum 300,000, Kusada kuwa ba ta cika 100,000 ba, ga shi kuwa kowace murya guda gare ta a zauren majalisa. Rabon da ake aiki da shi a ƙasar nan tun na shekarar 1996 ne, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, kuma har yau ba a zauna an sake shi baki ɗaya ba, duk da yake garuruwa sun cika sun batse, waɗansu ƙauyuka kuma rashin zaman lafiya ya watse su. Ina ganin wannan sakaci ne babba, domin wakilcin da aka gina a kan tsohon lissafi irin wannan yana bukatar a sake auna shi.

Sai dai mas'alar Jibiya ta wuce ta lissafi, saboda ita ƙasa ce da iyaka ta ratsa ta gefenta, iyakar nan kuwa ba mutanen wurin suka shata ta ba. Tun bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sa'ad da zuriyar sarakunan Katsina na dā suka ƙaura arewa suka kafa mulkinsu a Maraɗi, wannan yanki ya zama tsakanin dauloli biyu masu harshe ɗaya da asali ɗaya, wani lokaci a yi yaƙi wani lokaci a yi ciniki. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo, sai suka yi ta ja-in-ja a kan taswira a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, daga bisani wakilansu, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, suka bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 suna kakkafa alamu tun daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi. Alamun ba su raba aure ba, ba su hana almajiri bin malaminsa ba, ba su kuma hana manomi kai hatsinsa kasuwar da ta fi masa kusa ba. Abin da suka yi shi ne suka sa arzikin gari kamar Magama ya rataya a kan buɗewa da rufewar wata ƙofa wadda makullinta yake a wani wuri mai nisa.

An ga haƙiƙanin wannan a 'yan shekarun nan. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan jihar ne, ta rufe iyakokin ƙasa na tudu da niyyar hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe Illela da Maigatari da waɗansu biyu a Disamba 2020, Jibiya ba ta cikinsu, sai a Afrilu 2022 aka waiwaye ta. Ba a daɗe da numfasawa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ƙofa ta sake rufuwa har watan Maris 2024.

Wanda bai san garin iyaka ba zai zaci masu manyan motoci kaɗai abin ya shafa. Amma a kowace tirela da ta tsaya a Magama ana duba takardunta, akwai ɗan dako da zai sauke ya loda, akwai mai shayi da mai tuwo da direba da yaran mota za su ci a wurinsu, akwai ɗan canji da yake zaune a kan benci da damin naira a hannun dama da na sefa a aljihun gaba, akwai ɗan acaɓa mai jiran fasinjan Ɗan Isa, da mai faci, da yaro mai tallar ruwan leda. Ran da aka ce an rufe, duk waɗannan a rana ɗaya suke rasa abin kai wa gida. Sai ka ga dattawa sun yi ayari zuwa gidan ɗan majalisar jiha, babbansu ya gaisa ya ce, "Ranka ya daɗe, Honarabul, mu fa mun zaɓe ka, ga shi yara sun zauna ba sana'a, a taimaka a buɗe mana boda." Shi kuwa, in mai gaskiya ne, ba abin da zai iya ce musu face zai kai kuka, domin kwastan, da shige da fice, da 'yan sanda, da soja, da hulɗa da ƙasashen waje, dukansu suna cikin jerin al'amuran da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Iyakar ƙoƙarinsa ya gabatar da ƙudurin roƙo a zaure, a rubuta, a aika Abuja. Waɗanda suke da bakin magana a kan wannan kai tsaye su ne ɗan majalisar wakilai da sanata, waɗanda suke da ikon kiran shugaban kwastan ya zo ya yi bayani.

To, in haka ne, mene ne amfanin kujerar jiha ga mutumin iyaka? Amfaninta yana da yawa, sai dai ba a wurin da aka fi nemansa yake ba. Gwamna ba shi da halin taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi, kuma a cikin wannan kasafi ne ake sanin ko za a gyara makarantar sakandare a Bugaje, ko za a ƙara ma'aikata a babban asibitin Jibiya, ko za a gina magudanun ruwa a garin Jibiya, inda ambaliyar watan Yuli 2018 ta hallaka mutum fiye da 40 cikin dare ɗaya, ko za a waiwayi hanyoyin ruwan madatsar Jibiya domin masu noman rani. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike, ta kira kwamishina ta tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Haka nan dokar da take tafiyar da ƙananan hukumomi, wa'adin ciyaman, da yadda ake raba kuɗin shiga, duk majalisar jiha ce take yin su. Wannan aiki ne na zama da karanta takardu da jayayya a kwamiti, ba ya fitowa a hoto kamar rabon babura da buhunan shinkafa na azumi, shi ya sa kaɗan ne suke tambayar wakilinsu a kansa. Alhali kuwa tsarin mulki har kiranye ya tanadar a sashe na 110, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu.

Ita ƙaramar hukuma, wadda garambawul na shekarar 1976 ya kafa a gurbin tsohuwar En'e, ita ce mafi kusa da talaka, kuma ayyukan da aka lissafa mata su ne ainihin rayuwar garin iyaka: kasuwa, da tashar mota, da mahauta, da maƙabarta, da rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a cikin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna tuna cewa, duk da tsananin haraji da jangali, kuɗin da dagaci ya tara ya miƙa wa hakimi ana sanin baitulmalin da suka shiga. Abin da ya raunana ƙananan hukumomi a zamaninmu shi ne asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya kafa, inda kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan yake biyowa ta hannun jihohi, da kuma al'adar rushe zaɓaɓɓu a naɗa kantomomi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kwamitin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai nauyi, amma hukunci ba ya zartar da kansa. Yana bukatar majalisun jihohi su gyara dokokinsu su dace da shi, su kuma riƙa bin diddigin rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, don kada a kuɓutar da dukiyar jama'a daga wani hannu ta faɗa wani. A nan ne ɗan majalisar Jibiya da ciyaman ɗin Jibiya suke haɗuwa, ɗaya mai kashewa, ɗaya mai sa ido, kuma bai kamata zumuncin jam'iyya ya shafe wannan bambanci ba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ya nuna cewa mazaɓa ɗaya a takarda tana iya zama duniya biyu a ƙasa. Lokacin da ta'adin ɓarayin daji ya tsananta, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka a ƙarshen Agusta 2021 wadda ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma taƙaita cinikin dabbobi da sayar da mai a jarka, daga baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Jibiya. Mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Zamfara da Batsari da yawa sun bar gonakinsu, waɗansu suka tare a cikin garin Jibiya, waɗansu suka ƙetare wurin dangi a ƙasar Maraɗi. Mutumin da ya yi gudun hijira bai rasa haƙƙinsa na wakilci ba, bal ma shi ya fi kowa bukatarsa, amma rumfar zaɓensa tana can ƙauyen da ya baro, kuma ɗan takara ya fi son zuwa inda taro yake. Wajibi ne a kan wanda ya ci kujera ya tuna cewa rantsuwar da ya yi ta haɗa da mutanen Faru da Mallamawa, ko da ba su samu ikon jefa masa ƙuri'a ko guda ba.

Nan gaba kaɗan wata jarrabawa tana tafe. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina ya ratsa ƙasar Jibiya kafin ya ƙetare. Jirgin da layinsa na tarayya ne, amma ƙasar da ke kewaye da su ba ta tarayya ba ce, domin dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ke nan wanda zai samu fili kusa da tasha, da inda za a kafa sabuwar kasuwa da rumbunan ajiya, da ko ɗan dakon Magama zai samu gurbi a cikin sabon ciniki ko kaya za su riƙa wuce shi a cikin taragu, a Katsina da sakatariyar Jibiya za a yanke mafi yawansu, a gaban mutanen da mazaɓun nan goma sha ɗaya suka tura da ƙuri'unsu.