Turancin Baki: Ki Kalli Hirar Taurari Da Biro A Hannunki

Akwai wani abu da ke ci wa 'yan matanmu tuwo a ƙwarya, ba kuma kowacce ke son faɗa ba. Yarinya ta yi shekara shida a sakandare, wataƙila ma ta ci Turanci a jarrabawar WAEC, amma ranar da aka zaunar da ita gaban masu tantancewa don shiga makarantar koyon aikin jinya, sai baki ya mutu murus. Kalmomin suna nan cikin kai, sun dai ƙi fitowa. Kada ki zargi ƙwaƙwalwarki 'yar uwa. Turancin littafi aka koya miki, shi kuwa na baki kunne ne ke ɗaukarsa, kamar dai yadda kika ɗauki Hausa a bakin Inna ba tare da an buɗe miki ƙamus ba.

To a ina za ki riƙa jin sa? Ni dai a ganina hirar da ake yi da taurari a talabijin ta fi fim amfani. A fim ana ihu ana guje-guje, ga kiɗa ya danne magana. A hira kuwa mutum biyu ne zaune, kina kallon bakinsu. Babban sirrin ma shi ne tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Oprah Winfrey ta shekara 25 tana gabatar da shirinta a Amurka, daga 1986 zuwa 2011. Larry King ya yi nasa a tashar CNN daga 1985 zuwa 2010. Da yawa daga hirarrakin nasu suna nan a YouTube. Ki nemo biyar ki saurara, za ki ji ko da mawaƙi ake hira ko da 'yar fim, zancen bai wuce: a ina ka taso, wace irin mace ce mahaifiyarki, yaushe ka fara samun kuɗi, me ya fi ɓata miki rai a rayuwa? Tun da tambayar na maimaita kanta, kalmomin amsar ma dole su yi ta dawowa. Kuma ai irin tambayoyin da ke ma za a yi miki ke nan wata rana.

Kada yawan kalmomin ƙamus ya tsorata ki. A 2009 wasu masana harshe biyu, Stuart Webb da Michael Rodgers, sun ƙirga kalmomin da ke cikin shirye-shiryen talabijin na Turanci, suka gano cewa wanda ya san kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, da rassansu, da sunayen mutane da wurare, ya san kusan kashi 95 cikin 100 na abin da zai ji. Kin ga ke nan aikin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Sai dai fa ki ɗauki magana a dunƙule, kada ki tsinka ta kalma-kalma. Tauraruwa za ta ce "I never gave up". In kika ruga ƙamus, zai ce miki "give" bayarwa ne, "up" kuma sama, sai ki tashi da "ban taɓa bayarwa sama ba". Shirme ke nan! Nufinta ba ta taɓa sarewa ba. Kamar Baturen da ya ji an ce wance ta ci wa wane fuska ne, ya zaci taunawa ta yi. Haka "I grew up in Zaria", na taso a Zariya. "I figured it out", na gano bakin zaren. "I'm looking forward to it", ina ɗokin abin. Ki rubuta kowacce yadda ta fito daga bakin mai ita, ki sa Hausarta a gefe.

Akwai kuma 'yan ƙananan kalmomin nan da malamin aji ba ya koyarwa: "well", "you know", "I mean", "actually". Su ne "to", "kin gane", "wato", "a gaskiya" na Turanci. Ki lura, in an jefo wa tauraro tambaya mai nauyi ba ya yin shiru, "well" zai ce ya ɗan ja ta, kafin nan amsar ta zo masa. Yarinyar da ta iya wannan dabara ba ta daskarewa gaban mutane. Amma a yi da sauƙi, gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

Yadda za ki yi shi ne, ki zaɓi guntun hira na minti uku ko huɗu, don kuɗin data ma ba wasa ba ne. Kallon farko ki saurara kawai. A na biyu ki kunna rubutun nan da ke fitowa a ƙasan hoto, ko da yake wanda na'ura ke yi da kanta yakan yi kure, musamman a sunaye. In sun cika sauri, YouTube na da wurin rage gudun magana. A na uku ki ɗauki biro ki kwafe maganganu biyar, biyar kacal. Sannan ki yi ta faɗarsu da ƙarfi kina wanke-wanke, ko da ƙannenki za su yi miki dariya.

Da wa za ki fara? Ki fara da waɗanda su ma koyon Turancin suka yi. Malala Yousafzai 'yar Pakistan, wadda harshenta na gida Fashto ne, tana da shekara 16 Jon Stewart ya yi hira da ita a shirin The Daily Show a 2013. Maganarta a fili take, ɗaya bayan ɗaya. Masoya fim ɗin Indiya kuwa, ga Shah Rukh Khan da David Letterman a 2019. Ba wanda ya maƙale murya a cikinsu don a ce Ba'amurke ne, kuma kowa ya gane su sarai. Saboda haka ki bar wahalar da hancinki.

Yanzu sai jan kunne. Ba duk abin da ya fito daga bakin tauraro ake kwasa ba. In kika ji an toshe wata kalma da ƙara "fiiit", ashar ce, ki bar ta inda kika gan ta. Wasu shirye-shiryen dare ma akwai zancen batsa a ciki, sai a zaɓa. "Gonna" da "wanna" na hira ne, kika kuskura kika rubuta su a takardar jarrabawa, jan biro zai hau kansu. Sannan Turancin Amurka da na Ingila, wanda makarantunmu ke bi, sukan saɓa. Ba'amurkiya in ta ce ta sayi "pants" wando take nufi, a Ingila kuwa, da nan wajenmu, ɗan kamfai ne. In ta ce "I'm mad at you" fushi take yi da ke, ba haukacewa ta yi ba.

Wani gyaran ma a bagas za ki same shi. Mu nan in za mu ɗan fita sai mu ce "I'm coming", don mun juya "ina zuwa" kai tsaye. Bature in ya ji haka zai tsaya yana mamaki, kin ce kina zuwa ga shi kuma kin kama hanyar ƙofa. Ki kasa kunne daidai lokacin da mai gabatarwa zai tafi hutun talla, za ki ji ya ce "We'll be right back". Ki mayar da ita "I'll be right back", ki gwada ta gobe a kan ƙawarki in za ki leƙa shagon makaranta.